Haɗe-haɗen Man Gargajiya a Ƙasar Dakoro: Wanda Ke Gyara Jiki da Wanda Ke Ɓata Shi

Duk wanda ya saba cin kasuwannin ƙasar Dakoro, tun daga ta cikin gari har zuwa ta Kornaka da ta Sabon Mashi da ta Sakabal, ya san rumfar masu kwalabe. A kan tabarma ko cikin baro ake jera su, manya da ƙanana: wannan man habbatus sauda, wancan man zaitun, ga na tafarnuwa, ga na zogale, ga kuma wanda ake kira haɗi, wato mai iri uku ko biyar ko bakwai da aka zuba cikin kwalba guda. Mai haja yakan ɗaga amsa-kuwwa ya yi ta lissafa cututtukan da haɗin nasa yake kora, daga basir da sanyi har zuwa hawan jini, sa'an nan ya rufe da cewa yana ƙara garkuwar jiki. Wannan kalma ta garkuwar jiki a da a bakin likitoci aka fi jin ta, amma tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta shigo Nijar a watan Maris, ta zama ruwan dare a bakin ƴan kasuwa.

Magana ce da ta cancanci a tsaya a dube ta da idon basira, domin kuwa bayan kuɗi har da rai a cikinta. Magidancin da ya sayar da tiya biyu ta hatsi ya sayi kwalba, ya rage abincin gidansa ke nan. Uwar da ta ɗura wa jaririnta man da bai dace ba tana iya rasa shi cikin dare ɗaya. Haka kuma wanda ya yi watsi da man gargajiya ɗungurungum, ya zubar da gadon da ya rayar da kakanninsa a shekarun yunwa. Saboda haka abin da ya wajaba shi ne a bambance aya da tsakuwa.

Ƙasar noma da kiwo

Dakoro tana arewacin jahar Maraɗi, kimanin kilomita 120 daga birnin Maraɗi. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutanen gundumar sun haura 600,000. Ruwan samanta kaɗan ne, a mafi yawan shekaru tsakanin milimita 300 zuwa 400. Kwarin Tarka ya ratsa ta, kuma a wajejen nan ne iyakar da dokar 1961 ta shata tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo. Daga kudu manoma ne masu hatsi da dawa da wake da gujiya da riɗi. Daga arewa, wajen Bermo da Gadabeji, Fulani ne da Abzinawa da garkunansu. Bermo ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, amma kasuwa da zumunci ba su san iyaka ba.

Wannan haɗuwa ta manomi da makiyayi ita ta azurta ƙasar da mai iri-iri. Matan ƙauye suna tatsar man gujiya su toya ƙuli-ƙuli. Matan Fulani suna kaɗa nono su fid da man shanu. Ga man riɗi, ga man aduwa. Man kaɗe da man ja kuwa fatake ke kawo su daga kudu. Dattawa suna tuna zamanin da gujiya take sarauniyar amfanin gona, lokacin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, yake sayenta, masana'antar SICONIGER ta Maraɗi kuma tana matse ta. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gujiya a 1975 su suka karya wannan arziki, har man da ake shigowa da shi daga waje ya cika kasuwa.

Haɗa mai da mai, ko mai da ganye, daɗaɗɗen abu ne a wannan ƙasa. Tsofaffi sukan narka man shanu da tafarnuwa su shafa a ƙirjin mai mura, ungozoma takan murza jikin jariri da mai, madori yakan yi aiki da man kaɗe wajen ɗorin karaya, wanzami kuma da nasa haɗin. Sai dai akwai abin lura a wannan haɗi na da: mai yin sa ya san abin da ya zuba, a gida ake yin sa, kaɗan ake yi don buƙatar ranar, kuma galibinsa na shafawa ne ko na miya. Kwalbar kasuwa ta yau ta saɓa wa waɗannan sharuɗɗa duka.

Aduwa, itacen da ba ya gudun fari

In ana maganar man da ƙasar Dakoro take da shi na kanta, to, aduwa ce kan gaba. Masana ilimin tsirrai suna kiran ta Balanites aegyptiaca. Itace ce mai ƙaya, mai zurfin saiwa, wadda takan tsaya da ganyenta ko a shekarar da hatsi ya ƙone. Yara suna tsotsar ƴaƴanta, mata suna dafa dubagira, wato ɗanyen ganyenta, dabbobi suna ci, masassaƙa kuma suna yin allo da ƙota da icenta. A cikin ƙwallonta mai tauri akwai ƙwaya wadda kusan rabinta mai ne, kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna sun san wannan mai, har an sami ƴaƴan aduwa a cikin kaburburansu.

Fid da man aiki ne mai wuya. Sai an wanke ƙwallo an shanya, a fasa shi ɗaya bayan ɗaya da dutse, a tsince ƙwayar, a soya ta sama-sama, a daka, sa'an nan a murza da ruwan zafi har mai ya taso. Awon da aka yi a ɗakunan bincike ya nuna man aduwa ɗan'uwan man gujiya da na riɗi ne wajen kayan da ke cikinsa: mai ne na ci, mai kyau ga miya, mai kyau ga fata. Ɗacin da ke cikin ƴaƴan itacen da ɓawonsa kuwa na wani sinadari ne mai kumfa kamar sabulu, shi ya sa ake wanki da su, shi ya sa kuma wanda ya cika tsotsar aduwa cikinsa yake ɓaci. A Damagaram, kamfanin Sahara Sahel Foods da aka kafa a 2014 ya riƙa sayen ƙwayar aduwa da anza daga hannun matan karkara yana sarrafa su ya zuba a kwalba mai tsabta, abin da ya nuna cewa ƴaƴan dawa suna iya zama haja mai daraja.

Dokar gandun daji ta 1974 ta sa aduwa cikin itatuwan da aka hana sara, tare da gawo da tsamiya da goriba da ɗanya. Amma abin da ya fi doka tasiri shi ne sassaben zamani, dabarar barin tohon kututture ya girma a cikin gona, wadda ta fara bazuwa daga jahar Maraɗi tun 1983, har aka ƙiyasta ta maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 na ƙasar Nijar. Duk manomin da ya bar aduwa a gonarsa, ya ajiye wa iyalinsa tulun mai.

Baƙi daga nesa

Habbatus sauda ba ta cikin amfanin gonar Dakoro. A Masar da Habasha da Sham da Turkiyya da Indiya ake noma ta, daga nan ta biyo ta hannun alhazai da ƴan kasuwar Kano da Maraɗi. Darajarta a zukatan Musulmi tana da tushe, domin hadisi ya tabbata a littattafan Buhari da Muslim inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe ta da waraka. Ibn Sina, babban likitan nan da ya rasu a 1037, ya ambace ta a littafinsa na magani, haka ma Ibnul Ƙayyim da ya rasu a 1350. Malaman da suka yi sharhin hadisin, irin su Ibn Hajar, sun yi bayanin cewa hanyar amfani da ita takan bambanta gwargwadon cuta. Zaitun kuwa sunansa ya zo a cikin Alƙur'ani mai girma.

Likitocin zamani ba su raina habbatus sauda ba. Sun gano a cikin manta akwai wani sinadari mai suna timokinon, kuma an yi gwaje-gwaje da dama a kan mutane, musamman a Iran da ƙasashen Larabawa. Abin da aka samu shi ne tana ɗan sauƙar da hawan jini, tana ɗan rage sukari da kitsen da ke cikin jini. Ragin kaɗan ne, gwajin kuma na mutane kaɗan ne cikin ƴan makonni. Babu gwajin da ya nuna tana hana ƙyanda ko sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro kama mutum, ko tana warkar da sida ko tarin fuka. Bugu da ƙari, da aka auna kwalabe daban-daban na kasuwa, an tarar yawan timokinon ya bambanta ƙwarai daga wannan zuwa waccan. Mai ne mai tsada, abu mai tsada kuwa shi ake yi wa algus. Albarkar da hadisi ya ambata tana ga habbatus sauda ta gaskiya; ba ta hau kan man toya ƙosai da aka rina baƙi aka manna masa takarda mai rubutun Larabci ba.

Zogale ma yana buƙatar a faɗi gaskiyarsa. Lambunan Gulbin Maraɗi, wajen Jiratawa da Tibiri, suna fid da shi da yawa. Amfaninsa mafi girma a ganye yake, inda akwai sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, da ƙarfen da ke gina jini, da abin gina jiki. Man ƙwayarsa mai ne mai kyau wanda ba ya saurin lalacewa, amma kayan ganyen ba su bi shi cikin kwalba ba. Wanda ya sayi ɗan kwalbar man zogale da tsada alhali ga ganyen a tire da araha, ya bar jaki yana dukan taiki.

Mece ce garkuwar jiki?

Kafin a ce abu yana ƙara garkuwa, ya kamata a san garkuwar. Allah ya yi wa jikin ɗan Adam ganuwa da dakaru. Ganuwar ita ce fata, da majinar hanci da maƙogwaro, da ruwan tsamin ciki. Dakarun su ne fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake ƙerawa a cikin ɓargo. Wasunsu suna haɗiye ƙwayar cuta nan take. Wasu kuma suna riƙe kamanninta, ta yadda in ta sake dawowa ko bayan shekaru za su gane ta su far mata. Wannan riƙe kamanni shi ne sirrin allurar rigakafi: ana nuna wa dakarun abokin gaba da aka riga aka karya lagonsa, domin su san shi kafin ranar yaƙi.

Abubuwan da ke rushe wannan runduna sanannu ne. Na farko yunwa da tamowa, domin dakaru ba su yaƙi da ciki wofi. Na biyu ƙarancin bitamin A, wanda alamarsa ta fari ita ce dundumi. Na uku yawan zawo da tsutsar ciki da zazzaɓi mai maimaituwa. Na huɗu ƙyanda: binciken da aka bayyana a 2019 ya nuna tana iya shafe kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na makaman da jikin yaro ya tara, ta bar shi kamar wanda bai taɓa haɗuwa da cuta ba. Sai kuma sida da ciwon sukari. Daga nan mai karatu zai gane cewa garkuwar jiki gini ce da ake yi yau da gobe, da nonon uwa da abinci da ruwa mai tsabta da rigakafi. Cokali guda na wani mai ba ya tsayar da wannan gini, kamar yadda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Inda mai yake aiki na gaskiya

Duk da haka, mai yana da babban matsayi a cikin ginin. Giram ɗaya na mai yana ba jiki ƙarfin da ya ninka na giram ɗaya na hatsi sau biyu da ɗoriya. Cikin yaro ƙarami ne, kunun hatsi tsararo yakan cika shi ba tare da ya ƙosar da jiki ba. Ƙaramin cokali ɗaya na man gujiya ko na aduwa ko man shanu a cikin kunun yaron da ya wuce wata shida, tare da garin ƙuli-ƙuli ko na wake, yana mai da kunun nan abinci.

Abu na biyu, bitamin A ba ya narkewa a ruwa, sai a mai. In aka ci zogale ko rama ko kabewa ko mangwaro ba tare da maiƙo ba, da yawan amfanin yakan wuce bai shiga jini ba. Ashe kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai, wanda kakanni suka gada suka gadar, haɗi ne da ilimin zamani ya gaskata. Da tsohuwar zuma ake magani. Man shanu yana ɗauke da bitamin A na kansa, man ja kuma ya fi kowane mai yawan sinadarin da ke zama bitamin A, in dai ba a ƙona shi har ja ya gushe ba.

A 1986 wani likitan ido ɗan Amurka, Alfred Sommer, ya bayyana sakamakon aikinsa a Indonesiya, inda ba yara bitamin A ya rage mutuwarsu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Binciken da ya biyo baya a ƙasashe da yawa ya sa ragin tsakanin kashi 12 zuwa 24 cikin 100. Nijar tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka haɗa rabon bitamin A da ranakun rigakafin shan inna, tun 1997. Ɗan ƙwanson nan shuɗi ko ja da ma'aikatan lafiya suke yankewa su ɗiga a bakin yaro daga wata 6 zuwa wata 59, sau biyu a shekara, shi ma mai ne aka narka bitamin a ciki. Har ila yau, ƙasashen UEMOA sun ɗauki shirin ƙara bitamin A a man girki na masana'anta, wanda ake ganewa da tambarin ENRICHI; sai dai rana tana kashe bitamin ɗin, saboda haka man da ya wuni cikin leda a tsakar kasuwa ya yi asarar wani kaso nasa.

Mutanen Dakoro sun ga wani haɗin mai da idonsu a shekarar yunwa ta 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a garin. Abincin da aka riƙa ba yaran, Plumpy'nut, an ƙirƙiro shi a Faransa a 1996, kuma kayan cikinsa sanannu ne: niƙaƙƙiyar gujiya, mai, garin madara, sukari, da bitamin. Kowace leda giram 92 ce, an auna kome a cikinta. A wannan shekara ƙungiyar ta kula da yara fiye da 60,000 a Nijar, mafi yawansu kuma suka tashi. Bambancin wannan haɗi da na mai amsa-kuwwa shi ne awo da gwaji.

A fata ma mai yana da aiki. Iskar hunturu tana tsaga fata, faso da kaushi kuwa ƙofa ce ga ƙwayar cuta, shafa man kaɗe ko na aduwa ko na riɗi kuma yana toshe ƙofar. Gwajin da aka yi a asibitocin Masar da Bangaladash ya nuna shafa wa bakwaini wani man tsirrai mai tsabta ya rage musu kamuwa da cuta. Amma cibiyar jariri ba wurin shafa mai ba ce, ko man shanu ko wani, domin ta nan ciwon sandarewar jiki yake shiga.

Man da ba a sha

Zuma da zaƙi take, da harbi take. Akwai man da yake dafi ne in ya shiga ciki, kuma duk ana samun su a wannan ƙasa.

Na farko shi ne man dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi ko darbejiya. Asalin itacen daga Indiya ne, kuma ya yi wa Nijar rana: shi ne inuwar tituna da makarantu, da shi aka yi shingen tare iska a kwarin Majiya tun 1975. Man ƴaƴansa yana hana ƙwari cin wake a rumbu, ana yin sabulu da shi, yana kashe ƙwarƙwata. Amma a 1981 likitoci a ƙasar Malesiya suka ba da labarin yara 13 da aka ba su wannan mai suka sha: cikin ƴan sa'o'i sai amai da magagi da jijjiga, hanta da ƙwaƙwalwa suka taɓu, wasu suka rasu. An ga irin haka a Indiya sau da yawa. Ƙaramin cokali ɗaya ya isa ya kwantar da jariri. Ɗacinsa yakan sa mutane su zaci ƙarfin magani ne, alhali kuwa gargaɗi ne.

Man zurma yana wanke ciki da ƙarfi, yana iya tayar wa mai ciki da naƙuda kafin lokaci, ƴaƴanta kuma suna ɗauke da dafi mai kisa. Man bini da zugu na fitila ne da sabulu, ba ya shiga baki ko kaɗan. Kafur da man itacen turare, waɗanda ake zubawa a wasu haɗe-haɗen mura, suna jawo jijjiga ga ƙananan yara in sun sha ko an ɗiga musu a hanci. Tafarnuwa ɗanya da aka jiƙa a mai aka toshe kwalba aka ajiye a zafi tana iya haifar da wani dafi mai shanye jiki, kamar yadda ya faru ga mutane fiye da 30 a ƙasar Kanada a 1985.

Ko man da yake halal ga ciki yana zama haɗari ta hanyar ɗura. In aka danne yaro aka toshe masa hanci aka zuba masa mai yana kuka, ko aka ɗiga masa a hanci, man yakan sulale zuwa huhu, huhu kuwa ba ya iya fid da shi. Likitocin Saudiyya da Indiya da Meziko sun rubuta labarin yara da yawa da suka yi ta tari da zazzaɓi wata da watanni saboda haka, ana ta ba su maganin tari a banza. Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, tun daga dakashi, wanda shi ne rigakafinsa na farko.

Kwalba da abin da ta ɓoye

Aibin haɗin kasuwa na farko shi ne ba a san abin da ke ciki ba, balle yawansa. In mutum ya sha ya sami ƙaiƙayi ko zawo, ba zai san wanne cikin bakwai ɗin ya cuce shi ba, likita ma ba zai sani ba. Yawan iri kuma ba ya nufin yawan amfani, domin galibin man tsirrai kayan cikinsu ɗaya ne, ana ta maimaita abu guda ne da sunaye daban-daban, kuɗi yana ƙaruwa.

Na biyu, mai yana lalacewa. Rana da zafi da iska suna sa shi ya yi ɗoyi da maƙaƙi, kuma zafin bazara a Dakoro yakan wuce digiri 40. Gujiyar da ta yi funfuna tana ɗauke da dafin aflatoksin, wanda aka gano bayan ya kashe talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960. Yana jawo ciwon dajin hanta, yana hana yara girma, yana kuma raunana garkuwar jikin da ake neman ƙarawa. Man da aka tatsa a gida daga ruɓaɓɓiyar gujiya yana iya ɗauko shi.

Na uku, mazubi. Kwalbar maganin ƙwari ko jarkar baƙin mai ba ta wankuwa. A birnin Meknes na Maroko, a 1959, mutane kimanin 10,000 suka shanye saboda man girki da aka gauraya da man injin jirgin sama. A Sifaniya, a 1981, gurɓataccen mai da ƴan talla suka riƙa sayarwa gida-gida ya kwantar da mutane kimanin 20,000, ɗaruruwa suka mutu. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Na huɗu, kuma mafi yawan kisa, shi ne jinkiri. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya. Duk daren da aka ɓata ana jiran kwalba ta yi aiki, an rage wa likita damarsa ne. Haka mai hawan jini ko ciwon sukari da ya ajiye ƙwayarsa ya koma ga haɗi. Wanda kuma ya haɗa su biyu bai gaya wa likita ba, sukarinsa yana iya faɗuwa fiye da kima.

Hukuma da masu maganin gargajiya

Gwamnati ba ta taɓa ɗaukar maganin gargajiya abokin gaba ba. Taron Alma-Ata na 1978, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta shirya tare da UNICEF, ya amince cewa masu maganin gargajiya suna da gurbi a kiwon lafiya na matakin farko. A 1980 tawagar masana a ƙarƙashin Farfesa Edouard Adjanohoun, ɗan ƙasar Benin, ta buga littafin itatuwan magani na Nijar bayan ta zaga ƙasa tana tambayar masu sani. Dokar harkar magunguna ta 1997 ta tanadi babi a kan maganin gargajiya, tun 2003 kuma ake bikin ranarsa ta Afirka kowace 31 ga Agusta. A Yamai akwai ɗakin awo na LANSPEX mai binciken ingancin magani da abinci da ruwa. A Maraɗi akwai Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da cibiyar INRAN ta Tarna.

Abin da gwaji yake yi wa gado ya bayyana a labarin tazargade. Mutanen Sin sun daɗe suna shan ta don zazzaɓi, amma sai da wata masaniya, Tu Youyou, da abokan aikinta suka tace sinadarinta a 1972, aka auna, aka gwada, sa'an nan ta zama maganin da ake ba yara a kowane gidan likita na ƙasar nan. An ba matar kyautar Nobel a 2015. Man aduwa da na ɗanya da na riɗi suna jiran masu yi musu irin wannan hidima, kuma mai maganin gargajiya na ƙwarai shi zai fara cin ribarta, domin awo ne zai raba shi da ɗan damfara.

Abin da ya rage ga jama'a

Nauyi na farko yana wuyan waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci, domin su ne idon ƙauye. Kafin a sayi kwalba, a karanta takardarta: sunan wanda ya yi da garinsa, kayan da ke ciki, ranar da aka yi da ranar da zai lalace, da yawan da za a sha. Kwalbar da ba ta da waɗannan, ko wadda aka ce tana maganin kowace cuta, a bar wa mai ita kayansa. A sansana mai, in ya yi ɗoyi a zubar. A ajiye shi a inuwa, cikin mazubi mai tsabta da murfi, nesa da hannun yara. Mai ciki da mai shayarwa da mai shan maganin likita su yi shawara da ma'aikacin lafiya kafin su sha kowane haɗi. Matambayi ba ya ɓata. Yaron da jikinsa ya yi zafi, ko yake zawo, ko numfashinsa ya yi sauri, a kai shi gidan likita a ranar.

Hukumomin gunduma da na ƙananan hukumomi, da sarakuna da limamai, su sa ido a kan masu tallar da ke alkawarin warkar da sida ko hana allurar rigakafi, gidajen rediyon karkara kuma su tace tallar da suke karɓa. Ma'aikatan lafiya su saurari masu maganin gargajiya da mutunci, su koya musu alamomin da ke wajabta tura majinyaci asibiti. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka samo asali a jahar Maraɗi a 1991, suna iya haɗa asusunsu su sayi injin fasa ƙwallo da na matsa, su fid da man aduwa mai tsabta da sunan ƙauyensu a jikin kwalba, ma'aikatan gandun daji da malaman gona kuma su tsaya musu.

Kuɗin da za a zuba a kwalbar da ba a san asalinta ba, in aka sayi wake da ƙuli-ƙuli da zogale da ɗan man gujiya da su, aka rataya gidan sauro, aka cika katin rigakafin yaro, to, an yi wa jiki garkuwar da babu tababa a kanta. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da lafiya da damina mai albarka.